Kafin Ka Sa Wa Babur Ɗinka Ƙwan LED, Tsaya Ka Ji Labarin Siginata

Kwana biyu kun ji ni shiru, to ba wani abu ba ne illa hidimomin yau da gobe. Yau kuma na zo da wata magana wadda na san wasu za su ce ba ta kai a ɓata lokaci a kanta ba, wato maganar siginar babur. Ni ma da haka na ɗauke ta, har ranar da ta kusa jawo mini abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Ga wanda bai san Kurudu ba, unguwa ce a bayan garin Abuja, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta wuce Orozo har Karshi. Nan na zauna tun da na tattaro nawa-ya-nawa na dawo gida daga Ingila. Tun watan Oktoban 2006 da ministan Abuja na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya hana 'yan acaɓa aiki a cikin ƙwaryar birni, sai suka gangaro irin waɗannan unguwanni namu, inda har yau babur ne ƙafar talaka. Ni kuwa ban shiga sahun masu babur ba sai bayan da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Da na ga kuɗin mai yana neman cinye cefane, sai na rage fita da mota, na sayi ɗan ƙaramin babur don zirga-zirgar cikin unguwa: masallaci, kasuwa, da kai yara Islamiyya.

Duk wanda ya san lungunanmu ya san gargadar da ke cikinsu, musamman bayan damina. Ƙwan sigina irin na da yana da wani ɗan siririn zare a cikinsa, shi ne yake yin zafi ya ba da haske, kuma jijjiga ba ta barinsa ya daɗe. Yau ka canza na gaba, jibi na baya ya mutu. Da na gaji sai na tsaya wajen wani yaro mai rewaya a bakin titi, ya ce mini, "Oga, ka sa LED kawai ka huta." Ya cire guda huɗun nan, ya sa sababbi, muka kunna. Haske kam sai wanda ya gani, amma maimakon ƙiftawar nan ta natsuwa da aka saba, sai siginar ta kama fat-fat-fat kamar mai jin sanyi. Na ce, "Kai, wannan saurin fa?" Ya ce, "Ai haka suke Oga, sabon yayi ne." Na biya shi na yi gaba. Gaskiyar magana ma, har da ɗan jin daɗi a raina, wai babur ɗina ya yi kama da na zamani.

Abin da ya faru

Bayan kamar mako uku, ran nan da yamma na ɗauko 'yata daga Islamiyya, tana bayana ta riƙe ni. Mun hau babban titi, zan karya hagu in shiga layinmu. Na sa sigina tun da nisa kamar yadda na saba, na rage gudu, na matso tsakiya. Ina fara karya kan babur sai na ji oda da ƙarar birki a daidai kunnena. Wata tifa ce da ke bayana ta buɗe ta hagu za ta wuce ni. Allah ne kaɗai ya san yadda na ja babur ɗin na dawo dama. Iskar motar sai da ta kaɗa hijabin yarinyar.

Direban ya tsaya can gaba, ya sauko yana faɗa, ni ma na taso masa da nawa faɗan. Na ce, "Kai ba ka ga siginata ba ne?" Ya ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah! Dabul ka sa. Duk wanda ya sa dabul ai miƙewa zai yi." Na ce ƙarya ne, hagu na sa. Sai wani dattijo mai sayar da rake a wurin ya ce, "Alhaji, kunna mu gani mana." Na kunna ta hagu, na zagaya bayan babur. Wallahi sai na ga duka biyun suna ƙiftawa tare, ta hagu da ƙarfi, ta dama ba ta kai ta haske ba, kuma da saurin da ido ba ya iya bambance su daga nesa. Jikina ya yi sanyi. Na ba direban haƙuri, ya ba ni, muka rabu. Yarinyar ba ta ce komai ba har muka isa gida, sannan ta ce, "Abba, gobe a ƙafa zan tafi."

Mai karatu, ka san a titunanmu akwai wani yare da direbobi suka ƙirƙira wanda babu shi a littafin koyon tuƙi. Mutum ya zo mahaɗa ya kunna sigina biyu a tare, ma'anarsa zai miƙe. Ko daidai ne ko ba daidai ba, haka ake yi, haka kuma ake fahimta. Ke nan mako uku ina yawo a Kurudu, ina nufin hagu ko dama, babur ɗina kuma yana gaya wa na bayana wata magana dabam.

Me ke sa ta sauri?

Washegari na nufi Karu, wajen wani dattijon mai rewaya da wani maƙwabcina ya kwatanta mini. Yana ganin ƙiftawar ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, an canza maka ƙwai ba a canza filasha ba." Ya cire murfin gefe, ya nuna mini wani ɗan abu da bai wuce girman gidan ashana ba, mai ƙafa biyu. Shi ne filasha, shi yake katse wuta ya sake ta, ya katse ya sake, har a sami ƙiftawa. Bayanin da ya yi mini, da wanda na ƙara bincikawa daga baya, ga shi a taƙaice.

Filashar da ta zo da babur an yi ta ne bisa lissafin wutar da ƙwayayen asali suke ja. Ƙananan babura irin namu yawanci suna da batir mai bolt 12, ƙwan sigina kuma mai wat 10. Idan ka sa hagu, ƙwai biyu ne za su kama, na gaba da na baya, wat 20 ke nan, wato wutar da ta haura amfiya ɗaya da rabi. A mota yawanci ƙwan sigina wat 21 ne. Shi kuwa ƙwan LED bai fi ya ci wat 1 ko 2 ba. Ka ga wutar da ke bi ta cikin filasha ta ragu ƙwarai.

To filasha iri-iri ce. Akwai tsohuwar, mai ɗan ƙarfe a ciki wanda wuta ke ɗumama shi ya lanƙwashe ya katse hanya, ya huce ya dawo. Irin wannan in wuta ta yi kaɗan, ƙarfen ba ya samun zafin da yake buƙata, sai ka ga siginar ta kama ta tsaya cak, ko ma ta ƙi kamawa. Akwai kuma wadda take auna yawan wutar da ke wucewa. Ita wannan da gangan aka ƙera ta yadda in wuta ta ragu za ta ninka saurinta, domin ta sanar da mai tuƙi cewa ƙwai ɗaya ya mutu. Mutum yana zaune a kan babur ba ya ganin bayansa, saboda haka saurin nan shi ne hannunka mai sanda. Da ka sa LED, sai filasha ta ga wuta kaɗan, ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta kama yi maka gargaɗi. Ashe ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. Ni ne na mayar da gargaɗi ado.

Maganar kamawar duka huɗun kuwa, dalilinta dabam ne. Babura da yawa suna da ɗan ƙwai guda ɗaya tak a jikin mita, wanda ke nuna maka siginarka tana kunne. An haɗa shi ne tsakanin wayar hagu da wayar dama. In ka sa hagu, 'yar wuta kaɗan tana bi ta cikinsa ta zarce ɓangaren dama. Wannan 'yar wutar ba ta isa ta kunna ƙwai mai zare ba, shi ya sa tun asali babu matsala. Amma LED abu kaɗan ya ishe shi, sai ya kama. Abin da ya sa direban tifa ya ga dabul ke nan.

Gyara iri uku, da wanda nake goyon baya

Na farko shi ne wanda mafi yawanmu muke yi, wato a bar ta haka. Wannan ba gyara ba ne, kuma ina ganin labarina ya isa hujja.

Na biyu shi ne a sa rasista. Wani ɗan ƙarfe ne mai ruwan zinare, wanda ake yawan samu an rubuta om 6 da wat 50 a jikinsa. Ana haɗa shi kafaɗa da kafaɗa da ƙwan, ɗaya a hagu ɗaya a dama, domin ya sha wutar da tsohon ƙwai yake sha, filasha ta ɗauka komai lafiya. Yana aiki, ban musa ba. Amma ka yi lissafi: om 6 a kan bolt 12 yana jan amfiya 2, wat 24 ke nan, kuma dukkanta zafi take komawa. Shi ya sa yake ɗaukar zafin da zai iya narkar da roba ko rigar waya in aka manna shi inda bai dace ba, dole sai a jikin ƙarfe. Sannan sauƙin da ka nema wa batirinka da sa LED ya tafi a banza. Ga kuma yanke-yanken waya da naɗin baƙin salatif, waɗanda damina ɗaya ta ishe su su fara tsatsa. A ganina wannan yaudarar filasha ce kawai, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Inda na yarda da ita shi ne a manyan baburan zamani da motocin da filasharsu ke cikin kwamfutar abin hawan, ba a iya zare ta a sa wata.

Na uku, wanda shi dattijon ya yi mini, kuma shi nake ba kowa shawara, shi ne a cire tsohuwar filasha a sa wadda aka yi domin LED, wadda ba ruwanta da yawan wutar da ƙwai ke ja. Abin lura kawai shi ne ta dace da babur ɗinka, mai ƙafa biyu a sa mai ƙafa biyu, mai uku a sa mai uku, kuma a kula da wace ƙafa ce ta batir, wace ce ta fitila. A jikin masu ƙafa biyu za ka ga an rubuta B da L. Bai ɗauke shi minti goma ba. Sannan ya buɗe mita, ya sa 'yan dayod guda biyu, ɗaya daga wayar hagu ɗaya daga ta dama, suka haɗu a ƙafa ɗaya ta ɗan ƙwan nan, ɗaya ƙafar kuma ya kai ta jikin ƙarfen babur. Dayod ba ya barin wuta ta koma baya, saboda haka ta hagu ta daina tsallakawa dama. Duka aikin, da kaya da ladan hannu, bai kai abin da na kashe a kan ƙwayayen kansu ba.

Kafin ya taɓa komai kuwa, sai da ya gwada batir, ya duba wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe ko ta yi tsatsa, ya kuma tabbatar kowane ƙwai yana kamawa. Ya ce mini, "Alhaji, ba kowane sauri ne na LED ba. Wani ƙwai ne ya mutu da gaske, wani waya ce ta saki. In ka sa sabuwar filasha ba ka duba ba, ka rufe ciwo da riga ke nan." Da ya gama, na ciro wayata na auna. Kafin gyara na ƙirga ƙiftawa 28 cikin daƙiƙa 10. Bayan gyara ta dawo 14.

Abin da ya fi damuna

Wannan ƙirgen yana da dalili. A Ingila doka ta ce sigina ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya, kuma ma'aunin da ake bi ke nan a Turai da Amurka. Tawa kafin gyara ta kusa 170. Can kuma duk abin hawan da ya shekara uku sai an kai shi gwajin da suke kira MOT kowace shekara, kuma sigina tana cikin abubuwan da ake dubawa. Shekara da shekaru ina kai motata wannan gwaji. Kafin ranar nakan zagaya ta in duba kowace fitila da kaina, don kada a mayar da ni. Wato dai na san ma'anar sigina mai sauri sarai. Amma da yaro ya ce mini sabon yayi ne, sai na karɓa, domin na san babu wanda zai tambaye ni.

A nan ne nake so in yi magana da 'yan uwana da muka zauna waje muka dawo. Mun iya zama a majalisa muna cewa a can ba a yin kaza, a nan kuwa kowa yana abin da ya ga dama. Ni kaina na sha faɗa. To wannan abu ya nuna mini cewa abin da na riƙe a can ba ɗabi'a ba ce, tsoron mai gwaji ne, kuma na baro shi a filin jirgi. Wanda ya koya mini yin abu daidai a ƙarshe, dattijo ne da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano a Karu, wanda babu hukumar da ke duba aikinsa. In da gaske mun koyo wani abu a waje, to wurin nuna shi shi ne inda babu mai dubawa.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce wa ke kallon sigina a Nijeriya? Ɗan acaɓa da batirinsa ya mutu tun bara, da ƙafa yake tayar da babur, ina shi ina filasha? Akwai gaskiya a ciki. Mun ga yadda aka yi a watan Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular kwano, har wasu suka riƙa kifa ƙoƙo a ka don su wuce jami'ai. Dokar da mutane ba su gamsu da ita ba, haka take ƙarewa. Shi ya sa ni ba kira nake yi a ƙaro masu kame a hanyar Karshi ba. Amma batun cewa ba a kallon sigina, ba haka ba ne. Direban tifar nan ya kalli tawa, ya kuma yi aiki da abin da ta gaya masa. Da ma ban sa komai ba, wataƙila da ya yi shakka ya jira. Sigina mai ƙarya ta fi rashin sigina haɗari, domin tana sa na bayanka ya sakankance.

Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana haka, shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma ran da ke bayanka a kan babur, ko 'yarka ce ko fasinja, amana ne.

Ban ce kada a sa LED ba. Abu ne mai kyau, har ma waɗanda suka ƙirƙiro shuɗinsa, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, an ba su kyautar Nobel a 2014. Yana daɗewa, jijjiga ba ta kashe shi da wuri, kuma yana raga wa batir. Har yau su ne a jikin babur ɗina. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya canza ƙwai ya ƙarasa aikin. Haka nan a tsaya a kan launin da aka sani, wato ruwan goro. Yanzu za ka ga samari sun sa shuɗi, ko fari, ko mai canza launi bakwai, ko mai wulƙawa kamar ta motar asibiti. Da daddare a hanyar Jikwoyi sai ka rasa gane mai juyawa da mai ado. Masu rewaya da masu sayar da kayan gyara su ma da hakki a kansu: in za ka sayar wa mutum ƙwan LED, gaya masa sai da filasharsa. Kalmar "haka suke" ta kusa sa ni kuka.

Saura abu ɗaya, wanda dattijon ya gaya mini ina shirin tafiya, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Ya ce, "Ka sani fa Alhaji, wannan sabuwar ba ta da baki. Ko ƙwai ya mutu, haka za ta ci gaba da ƙiftawa lafiya lau." Haka abin yake. Mafi yawan filashar LED ba sa gargaɗi, rasista ma haka, tunda shi yana nan yana shan wutarsa ko ƙwan yana raye ko ya mutu. Ke nan duk gyaran da ka zaɓa, ka sallami mai gadin da masu ƙera babur suka ajiye maka, gadin ya dawo wuyanka. Tun daga ranar, kowace safiya kafin in fita nakan tayar da babur, in sa hagu in zagaya in duba gaba da baya, in sa dama in sake zagayawa, in taka birki in ga jar fitila. Bai fi minti ɗaya ba. Yanzu ma 'yar tawa ce ke tsayawa a baya tana ce mini, "Ta kama, Abba." Sai da aka yi mako biyu kafin ta yarda ta sake hawa.

Don haka ɗan uwa, in siginarka tana sauri, kada ka kwana da ita. Duba ƙwayayen, duba waya, duba batir. In LED ka sa, nemi filasharsa, sannan ka koma bayan babur ka tabbatar ɓangare ɗaya ne ke kamawa. Ka ƙirga: tsakanin 10 da 20 cikin daƙiƙa 10 shi ne daidai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanya, ya sa mu gama lafiya. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.